Ɗorawar Kan Iyaka

A wani gari can, Jatau ya dawo daga yawon duniya ya tarar an rufe rijiya an kafa famfo, alƙali kuma ya jingine littattafansa, sai Kundin Kowa yake dubawa a waya, wanda kowa ke iya gyarawa. Ɗorawar da kakansa ya dasa kuwa, maƙwabcinsu Baba Ɗantani ya ce tasa ce.

Jatau yana da shaidu, amma ya ga tara su wahala ce. Ya rubuta a Kundin: "A al'adarmu, ɗorawa ta jikan wanda ya dasa ce."

Ranar shari'a alƙali ya karanto: "Ɗorawa ta wanda inuwarta ta faɗa gonarsa ce."

Baba Ɗantani ya yi murmushi, yana shafa wayarsa.

Jatau ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a sake dubawa!"

Ya gyara, Baba ya gyara. Ya gyara, Baba ya gyara.

Can alƙali ya sunkuya ya daddanna tasa, ya karanto: "Ɗorawar rigima ta alƙali ce."

Jatau ya ce, "To, shaiduna fa?"

Alƙali ya ce, "Yaro, Kundi bai ambace su ba."

Ba a jima ba Jatau ya fara ɗaure kayansa, sai ga aike daga gidan alƙali: ƙullin daddawa, wai ya yi guzuri.