Autar Mei da Mai Jita

Daphisha tana shafa wa mahaifiyarta Mei man zafi a gwiwa sai ga Kawu Pynshngain ya turo ƙofa, lemarsa tana ɗigar ruwa.

"Gaskiya ne abin da na ji a kasuwa? Wai Mumbai za ki?"

"Kawu, wani kamfani ne ya ji waƙoƙinmu, ya ce mu koma can da zama..."

"Da zama! Ita kuma uwar taki, kamfanin ne zai riƙa tashinta da safe? Ke ce fa auta! A al'adarmu gidan nan gadonki ne, tsohuwar nan ma taki ce. Ban taɓa jin autar da ta rufe ƙofa ta bi makaɗa ba!"

Mei ta juya fuska bango. Juyawar nan ta fi faɗan Kawu yi wa Daphisha ciwo.

Shekara uku ke nan tana waƙa, Wanshan yana kaɗa jitar lantarki. Ƙungiyarsu, Rufin Kwano, ta gama zagaye shagunan shayin garinsu Shillong, su ke ɗaukar kayansu, su ke manna fastocinsu. Shekara uku ke nan kuma suna son juna, kowa ya sani sai Kawu da ya ga dama ya ƙi sani.

Da yamma ta sami Wanshan, idonta jawur.

"Ka tafi kawai. Sun ce za su ba ka wata mai waƙar. Ni ba zan bar Mei ba."

"Haba Daphi — siriyos kike? Kontiragi ne fa!"

"Na sani!" Kuka ya ƙwace mata.

Kwana biyar wayarta ba ta yi ƙara ba, har ta fara koya wa zuciyarta haƙura da shi. A na shida ya zo, a jiƙe sharkaf.

"Na ce musu a'a. Muryar da nake yi wa kiɗa tana nan."

Aka ɗaura aure a coci, ango ya tare a gidan uwar amarya kamar yadda kowane mijin auta yake yi a al'adarsu. Kawu ya dubi kayan angon sama da ƙasa.

"Su ke nan? Jaka ɗaya da wannan abin hayaniyar?"

Wanshan ya yi murmushi ya haɗiye. Da safe ya ɗauki Mei ya kai ta hantsi, da rana su yi atisaye a ɗakin dankali. Ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar ya yi fushi ya tafi Mumbai, saura mai ganga. Shekara biyu haka, in sun zo naɗar waƙa ruwan sama ya yi ta dukan kwano ya ɓata musu.

Wata rana suna tsaka da sabuwar waƙa aka buga bango.

"Daphi! Kin hau sama da yawa! Sauko, ji nan."

Sai tsohuwa ta ɗauko baitin. Shekara talatin ta yi cikin mawaƙan coci, su duka sun manta! Wanshan ya lallaɓa ya kai mata makirfo.

"Mei, don Allah a maimaita."

Haka suka fitar da waƙar, da ruwan, da gangar, da muryar Mei a ƙarƙashin ta 'yarta. Kafin wata uku yaran Mumbai na rera ta a waya. Ranar babban wasansu a filin ƙwallon Shillong, motoci har daga birnin Guwahati.

Daphisha ta leƙo daga dandamali ta hango Mei a layin gaba cikin keken guragu, Kawu riƙe mata da lema, yana zungurar na kusa da shi.

"Ka ga mai jitar nan? Surukina ne. Ni na ce a ba shi!"

Dariya da hawaye suka zo mata tare. Wanda ya yi haƙuri da iyaye bai yi asara ba. Ga shi abin da ta ƙi barin uwarta ta je nema ya biyo ta har ƙofar gida.