Bokitin Yashin Malam Abdussalam

Hure ce ta fara ganin gawar, da hantsin ranar Lahadi, a tsohon ajin da ke bayan kasuwar Tsanyawa. Ta je ɗaukar allon zanenta ne, ta tarar da Malam Abdussalam kwance rigingine, ƙeyarsa a bakin dandamalin siminti, ɗakin yana warin ƙonannen kaki.

Shekarar kuwa ta gasa wa kowa aya a hannu. Gero yana tsaye a gona bai nuna ba, kwanon masara ya fi ƙarfin mai iyali, zukata duk a kusa suke. Kafin Saje Khalilu ya iso har gari ya yanke hukunci: Ɗanliti mai zuma ne ya kashe shi, ai an ga sun yi cacar baki ranar kasuwa. An riga an fasa masa baki. Da ƙyar 'yan sanda suka ƙwace shi suka kulle, matasa kuma suka zauna a ƙofar ofis da gorori, suka rantse ba zai ga la'asar ba.

Marigayin tsohon malamin zane ne da ya yi ritaya, yana koyarwa kyauta duk ƙarshen mako. Asabar zanen kaki ake yi: a narka kakin zuma, a haɗa da garin launi, a shafa a katako tun da zafinsa. Mata suka fi zuwa. Lahadi kuma fentin mai, na maza masu rubutun allunan shaguna da bayan motoci.

Khalilu mutum ne mai sanyin jiki, har abokan aikinsa suna ce masa hawainiya. Ya daɗe a tsaye a ɗakin bai taɓa komai ba. Tukunyar kaki ta karkace a kan kurfoti, ta yi baƙi ƙirin. Tokar a jiƙe take, ga buta a yashe ba ko ɗigo a ciki. Kaki ya fantsama a bango har rufin kwano. A gefen ƙofa kuwa ga bokitin yashi cike fal, ba wanda ya sa masa hannu.

Ya sa aka kira Hure.

"Malama, yau ba ranar kaki ba ce. Me ya ɗora tukunya a wuta?"

"Kowace Lahadi da sassafe Malam yake tace kakin mako mai zuwa, yallaɓai, kafin maza su zo."

"Yashin nan fa?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Shi ne karatunmu na farko. Ba ya barin mace ta taɓa buroshi sai ta maimaita sau uku: in kaki ya kama wuta, a rufe shi ko a zuba yashi. In aka zuba ruwa, tashi yake yi ya watsu a jikin mutum."

"Akwai wanda yake jin haushin Malam?"

Ta ce wata ƙungiya a Kano ta nemi mai koyar da zane mutum ɗaya, da albashi, Malam ya ce sunanta zai bayar. Tasi'u mai fenti ma ya sa rai.

A bayan kantar ofishin 'yan sanda, Khalilu ya sami Ɗanliti yana zaune a ƙasa, leɓensa a kumbure.

"Baba, kun yi faɗa da shi?"

"Mun yi. Cewa ya yi na gauraya masa kaki da kyandir. Ni! Shi ya sa yau bayan asuba na kai masa sabo tsantsa, ya sansana ya nemi gafarata. Na bar shi yana hura gawayi."

"In kaki ya kama wuta, me kake yi?"

Tsohon ya dube shi kamar ya zage shi. "Shekara talatin ina narka kaki, ɗana. Murfi ake ɗorawa. Ko jikata ta san wannan."

Khalilu ya juya hannuwan tsohon ciki da baya. Ban da tsofaffin tabon harbin zuma, ba komai. Daga waje aka buga ƙyauren ofis da gora, Ɗanliti ya zabura. Tausayinsa ya kama Khalilu, tsoro ma ya kama shi, don azahar ta kusa.

A tasha ya sami Tasi'u yana zana dawisu a bayan wata bas. Gwani ne, wannan ba a ja. Sai dai ana wannan zafin yana sanye da riga mai dogon hannu an ɓalla maɓallinta har wuyan hannu, hula kuma ta sauko har gira.

"Ba ka je aji ba yau?"

"Ina shirin tafiya na ji labari. Allah ya jiƙan Malam."

"Amin. Kana zuwa na Asabar?"

Tasi'u ya taɓe baki. "Na narka kaki? Ai wannan aikin mata ne, yallaɓai, kamar suya. Malam ya yi ta fama in zo, na ce ni mai fenti ne."

"Ni ban san komai a kai ba," in ji Khalilu a hankali. "In ya kama wuta, ya ake kashewa?"

"Wuta ai ruwa ne maganinta."

"Naɗe hannun rigarka."

Buroshin ya faɗi ƙasa. Tasi'u bai motsa ba, sai da Khalilu ya ɓalle maɓallin da kansa. Daga wuyan hannu har gwiwa ƙananan ƙuna ne, sababbi, sun ɗuri ruwa. Ya ɗaga hular, girar dama ta babbake.

"Wanda ya juye butar nan bai san kaki ba," in ji Khalilu. "Ɗanliti ya san shi, Hure ta san shi, kowace mace a ajin Asabar ta san abin da bokitin yashi yake yi a wurin. Kai ka wuce shi ka ɗauki buta."

Tasi'u ya durƙushe a gindin tayar. "Roƙonsa na je yi. 'Ya'yana kwana biyu sai rama. Ya ce masu aikin wanda ya iya duka biyun suke nema, ni kuma na raina ɗaya. Ture shi kawai na yi, wallahi. Ya bugi tukunyar, ya faɗi, wuta ta tashi."

Khalilu bai ji daɗin nasarar ba ko kaɗan. Ya bi da shi ta bayan gonaki zuwa ofis, sannan ya fito ya yi wa masu gorori bayani. Ɗaya bayan ɗaya suka sulale, ba mai iya kallon wani.

Da aka buɗe wa Ɗanliti, bai tambayi wanda ya doke shi ba. Cewa ya yi, "An yi masa sutura?"

Bayan la'asar aka sallaci Malam Abdussalam. Ɗanliti ya iso a makare, yana ɗingishi, da busasshen jini a gaban riga. Samarin da suka rantse a kansa da safe suna sahun gaba. Suka sunkuyar da kai, suka matsa masa ya tsaya a tsakiyarsu.