Layin Ƙarshe a Garken Gidan Kero

A tsakiyar hunturu rana ba ta zama a ƙauyukan bakin kogin Torne, can ƙuryar arewacin duniya. Takan leƙo ne kawai ta koma, kafin yara su taso daga makaranta magariba ta riga ta rufe gari. A irin wannan yammaci ne dutse na farko ya faɗo a kan rufin gidan Sixten Kero.

Matarsa Gunnel tana zuba kofi a kan cukun da ta yayyanka cikin kofuna, kamar yadda al'adar yankin take, 'yarsu Majken kuma tana kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmanta a bakin ƙofa. Suka ji ƙarar, suka ji gangarowarsa a hankali a kan kwano, sannan shiru. Da Sixten ya fita da fitila ya same shi kwance a gindin matakala. Dutsen yana da ɗumi, da jiƙaƙƙiyar baƙar ƙasa a jikinsa, alhali ƙasar garin ta daskare tun kaka. Babu sawun kowa a tsakar gida. Ya dawo ya ce 'ya'yan maƙwabta ne. Gunnel ta dube shi, don ta san maƙwabtan nasu ba su da yaro ko ɗaya.

Sana'ar Sixten tana cikin tsohon ginin garken shanun mahaifinsa, wanda ya gyara ya jera manyan kwamfutoci da ake kira saba. Tsofaffin yankin da ke zaune su kaɗai kowa yana ɗaure da wani maɓalli a hannu. In ya faɗi ko numfashi ya sarƙe masa sai ya danna, kiran ya bi ta intanet ya shiga garken Sixten, daga nan a haɗa shi da masu kai agaji. Dubban gidaje ne, kuma na'urar kowane gida tana riƙe da layinta. Yadda ya tsara abin tun farko, duk wanda ya buɗe layi sai saba ta ware masa ma'aikaci guda a cikinta, wato wani yanki na ƙarfin injin, ya tsaya a kansa har ya gama. Shekara da shekaru hakan bai taɓa gazawa ba.

Bayan jifan nan sai wasu layuka suka fara shigowa da ba a san daga inda suke ba. Sukan buɗe, su faɗi harafi guda, su yi shiru, can kuma su ƙara harafi guda. Ba sa gama magana, ba sa tafiya. Kowannensu ya riƙe ma'aikaci ɗaya yana jira, har ma'aikatan suka ƙare ƙaf. A yammacin da abin ya yi tsanani wata tsohuwa mai suna Alva ta zame a ɗakin girkinta, ta danna maɓallinta, kiran bai sami mai amsawa ba. Washegari mai kawo mata abinci ya tarar da ita ta yi sanyi.

Sixten ya je jana'izar, ya tsaya a can baya. Da ya dawo ya shige garke ya rushe tsarin gaba ɗaya. Ya gaya wa Gunnel cewa daga yanzu ba mai tsayawa a kan kowa. 'Yan ma'aikata kaɗan ne za su riƙa zagaya dubban layukan, wanda ke da magana a shirye a saurare shi a wuce, wanda ya yi shiru a bar shi ba tare da ya ci wa kowa lokaci ba, wanda shirunsa ya wuce ƙa'ida a katse shi. Haka aka yi, kuma ya yi aiki. Baƙin layukan suka riƙa zuwa ana yanke su, har suka daina.

Gidan ne bai sami sauƙi ba. Jifa ya ƙaru. Da duhu ya fara sauka sai a ji kamar mutane da yawa suna magana ƙasa-ƙasa ƙarƙashin daɓen katako, kamar masu jiran a buɗe musu. Karensu ya ƙi shiga ɗaki. Sai wata rana suna cin abinci Majken ta ajiye cokali, ta juya kanta gefe, ta ce, "Na'am." Ta juya ɗaya gefen ta sake cewa, "Na'am." Ta yi ta amsawa, hagu da dama, gaba da baya, idonta a buɗe ba ya ganin kowa.

"Majken, da wa kike?" in ji uwarta.

"Suna da yawa, Mama. Ba mai bari ɗan'uwansa ya gama."

Daga ranar barci ya ƙaurace mata. Abinci sai an ɗura. A asibiti aka duba kanta da jininta, aka ba ta maganin barci, ta shanye ta ci gaba da amsawa da rufaffen ido. Ta rame har ƙasusuwan wuyanta suka fito. Gunnel ce ta ɗauki mota, ba ta nemi shawarar mijinta ba, ta tafi can arewa ta ɗauko Eskil Lantto, tsohon malamin makaranta wanda ya gaji addu'o'in warkarwa daga kakarsa, aka san shi da tsayar da jini da karanta wa waɗanda mutanen ɓoye suka taɓa.

Eskil ya shigo da la'asar sakaliya, haske yana mutuwa a taga. Bai cire babbar rigarsa ba. Ya ƙi kofi. Ya zauna gaban yarinyar ya ajiye wuƙar ƙarfe tsakaninsu, ya daɗe yana karatu da harshen kakanni, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Majken ta fara kyarma, bakinta yana fitar da muryoyi a cakuɗe, na maza da na mata da na jarirai. Tsohon ya ce ba zai saurari taro ba, babbansu ya yi magana. Muryar da ta fito bayan nan ta tsohuwa ce, mai kauri, ba ta gaggawa.

Ta ce suna zaune ƙarƙashin dutsen da ke bayan garke tun kafin kakan Kero ya sari icen farko a wurin. Kakan ya san su, ba ya zubar da ruwan zafi sai ya yi gyaran murya. Wannan jikan nasa kuwa, da bazarar da ta wuce, ya haƙa rami ya saka bututun da ke kwashe zafin injunansa, ya sako musu shi a ka dare da rana. 'Ya'yansu biyu sun ƙone.

"Mun yi jifa, ya ce yara ne. Mun bi ta wayoyinsa mu yi masa magana, harshenku yana mana nauyi, kafin mu haɗa kalma ya katse mu. Yarinyar ce kaɗai ta tsaya ta ji."

Sixten, wanda ke tsaye jikin bango, ya ce bai sani ba.

"Ba ka tambaya ba dai, ɗan Kero," in ji muryar.

Eskil ya tambaye ta abin da take so. Ta ce a kashe injunan yanzu, a tone bututun, in ba haka ba za su tafi da yarinyar a madadin nasu. Gunnel ta riga ta miƙe za ta nufi garke, Sixten ya tare ƙofa. Ya ce rayukan dubban tsofaffi na rataye a layukan nan, in aka kashe farat ɗaya duk wanda ke cikin kira ya yanke ke nan. Akwai wasu saba a birni da za su iya ɗauka, amma sai an bi a hankali: a hana sabon kira shigowa nan, a tura masu shiru can, masu magana kuma a bar su su gama.

Eskil ya mayar wa muryar da wannan bayani, ya ƙara da cewa tsohuwa guda ta riga ta mutu a wannan rikici, ba ta ƙona ɗan kowa ba. Daga baya muryar ta yarda, amma ta ce ba za ta saki yarinyar ba sai injin ƙarshe ya yi shiru, kuma jikin da take ciki ba zai jure mata da daɗewa ba.

Sixten ya tafi garke. Layukan suka riƙa raguwa a allo, daga dubbai zuwa ɗaruruwa, daga nan zuwa 'yan ƙalilan, har ya rage saura ɗaya. Wani dattijo ne, Birger, a wani gida can cikin daji. Ya faɗi a bakin ɗakin wankan tururinsa, ƙugunsa ya karye, ƙofa a buɗe sanyi yana shiga. Matar da ke amsa kiran agaji tana ta jan shi da hira don kada barci ya ɗauke shi, motar asibiti kuma tana fama da hanyar da dusar ƙanƙara ta toshe. Na'urarsa tsohuwa ce. In layin ya yanke ba zai dawo ba sai ya sake dannawa, hannunsa kuwa ya riga ya sandare.

Gunnel ta shigo ba riga mai kauri a jikinta. Ta ce leɓɓan Majken sun yi shuɗi, Eskil ya ce numfashinta yana nisa.

"Kashe shi, Sixten."

"In na kashe, mutumin nan barci zai yi."

"Ya ci zamaninsa. 'Yarka fa? Ko ita ma sai ta danna maɓalli za ka ji ta?"

Ta kai hannu ga makunnin wuta, ya riƙe mata wuyan hannu, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Haka suka tsaya cikin gurnanin injuna, ita tana kallonsa, shi yana kallon allo, ba wanda ya san tsawon lokacin da suka ɗauka. Sai da masu agaji suka isa gidan Birger layin ya rufe da kansa. Sixten ya sake ta, ya kashe komai.

A cikin gida Majken ta yi wata doguwar ajiyar zuciya, ta yi atishawa, jikinta ya saki. Eskil ya ce ya ji tafiyarsu ta ƙarƙashin daɓe, kamar garke yana wucewa. Ya ɗauki wuƙarsa, ya ce wa Gunnel yarinyar za ta rayu, amma sun daɗe a jikinta.

Ta rayu. Sai dai maganarta ba ta dawo daidai ba. Takan fara zance ta tsaya a tsakiya, ta nemi sauran ta rasa. Makaranta ta gagara. Da ƙasa ta narke Sixten ya tone bututun da hannunsa ya cike ramin, ya sayar da injunan. Birger ya warke har ya aiko musu da busasshen nama da godiya, bai san komai ba. Gunnel ta karɓa ta ba kare.

Kafin wani hunturun ta ɗauki 'yarta suka koma wurin 'yar'uwarta a kudu. Sixten yakan je duba su. Majken takan yi murnar ganinsa, ta riƙe hannunsa ta ce, "Baba, ran nan da na..." sai ta tsaya. Shi kuma yakan zauna ya jira ta, komai daɗewa, Gunnel tana tsaye a bakin ƙofa ba ta ce masa zauna ka ci abinci ba.