Gidan da Baltasar Ya Ɗauka Hoto

Tun ranar da Baltasar ya shiga kufan masu haƙar gishiri da kyamararsa bai fito ba, matarsa Herminia ta yi sallama da barci. Kyamarar kawai aka tsinta a bakin wani kango. Ta wanke hotunan ta rataye a tsohuwar majami'ar unguwarsu a birnin Iquique, ko Allah zai kawo wanda ya san wurin.

Ranar da za a sauke hotunan, da magariba mutane sun watse, sai ta ga wata tsohuwa tsaye gaban hoton wani gida marar rufi. Harsunan kyandirorin majami'ar duk suka karkata wajen tsohuwar, alhali ko iska babu.

"Iya, kin san gidan nan?" Herminia ta tambaya.

"Gidana ne, 'yata." Sai da bakin tsohuwar ya rufe sannan muryar ta iso. "Mijin nan naki ba shi da ta-ido. Ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba."

Herminia ta zube ta rungume ƙafafunta. "Don girman Allah, yana ina? Ki ɗauke ni a madadinsa!"

Ƙafafun sanyi ƙalau, a bushe kamar tsohon katako, gishiri na zuba daga jikinsu. Tsohuwar ta ɗaga yatsa ta nuna hoton.

A tagar gidan da ke cikin hoton ga Baltasar tsaye, ya manna tafukansa a gilashin hoton daga ciki, leɓunansa na kiran sunan Herminia.