Huda Shida A Ƙwayar Wake

Ranar kasuwar Tambuwal Gazali ya fara ganin Najiba, kuma maganarsa ta farko ita ce ta ɓata mata rai.

Ta kawo wa mahaifinta, Alhaji Maccido mai wake, abincin rana, ya bar ta a rumfa ya tafi salla. Sai ga wani dogon saurayi ya sauka daga babur, jar ƙasar hanyar Kebbe har a girarsa. Ya yi sallama.

"Don Allah ƙanwata, kuna da waken da ƙwari sunka ci? Wanda yaf fi lalacewa nika so."

Najiba ta kalle shi sama da ƙasa. "Mu ba mu saida ruɓaɓɓen kaya. In ba'a kaz zo yi, ga rumfuna can gaba."

Maimakon ya tafi, sai ya fiddo kwalabe biyu daga jaka. Ya ce shi ɗan Kebbe ne, yana karatun aikin gona a Sakkwato, bincikensa kan ƙwarin wake ne.

"Duba nan. Uwar tana sa ƙwai bisa ƙwaya, tsutsa ta shige ciki, ba ta fitowa sai wajen sati fuɗu. In ita ɗai ta cikin ƙwayar, sai ta ci ta ƙoshi, ta fito ƙatuwa awa wagga. In su biyar ko shida sunka haɗu a ƙwaya guda, abinci ba shi isa, kowa shi fito ɗan tsurut."

Ta so ta ci gaba da ɗaure fuska, amma sai ta tsinci kanta tana leƙen kwalba. Kafin Alhaji ya dawo, ta ba shi lambarta, wai don ta sanar da shi idan an samu waken da yake nema.

Waken bai samu ba, amma saƙonni sun samu.

"Nurina, yau na ƙirga ƙwaro ɗari uku, na ɓata lissafi sau biyu. Ke ce sila."

"Malamina, ka bar ɗora mini laifi. Ka ci abinci dai, kar ka koma irin na ƙwaya mai cunkoso."

Da magabatan Gazali suka aiko neman izini, Alhaji ya ƙi ko sauraro. Ya ce wa matarsa Inna Fatsuma, "Shekara talatin ina yaƙi da ƙwarin wake, sannan in ɗauki ɗiyata in ba mai kiwonsu?"

Ba kowa ya cusa masa wannan suna na mai kiwon ƙwari ba sai Mansur, dillalin da yake kawo masa kaya, wanda shi ma ya daɗe da sa ido a kan Najiba. Abin haushi, mutanen kasuwa suka ɗauka suna yi da shi, alhali rabinsu kukan ƙwari suke duk shekara, ga kuma wanda ya ba da ƙuruciyarsa don ya san kan abin, shi ne ya zama abin dariya.

Ana nan sai Gazali ya yi kuskuren da babu mai yin sa sai mai bincike da so ya rufe wa ido. Zai tafi Sakkwato, sai ya biyo ta ƙofar gidan ya bar wa Najiba kwalba ɗaya, an ɗaure bakinta da ƙyalle da roba, don ta riƙa rubuta masa ranar da kowane ƙwaro ya fito. A gidan mai sayar da wake! Mansur kuwa yana bakin zaure, ya gani da idonsa.

Kwana goma bayan haka Alhaji ya buɗe sito. Buhunan da Mansur ya kawo masa ba da jimawa ba duk sun yi zafi, ƙwari na yawo a kansu baƙi ƙirin.

"Alhaji, a duba ɗakin Najiba," in ji Mansur. "Ni dai na ga an kawo kwalba."

Aka duba, aka samu. Alhaji ya rantse Gazali ba zai ƙara taka ƙofarsa ba. Kafin la'asar magana ta cika kasuwa, wai ɗan Kebbe ya saki ƙwari a gidan Alhaji don an hana shi aure.

Najiba ta yi kuka, amma saƙon Gazali ne ya tsayar da hawayenta.

"Nurina, ni na kawo kwalbar gidanku. Idan ita ta jawo wa Baba asara, ban cancanci in sake neman ki ba. Ki yafe mini."

Ranta ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci da Mansur. Ta rubuta masa, "An yi maka ƙazafi, kai kuma ka karɓa hannu biyu? Wata shida kana koya mini abu, ashe kai ne ba ka riƙe ba. Kar ka kira ni sai na kira ka."

Washegari da hantsi ta roƙi Inna ta tsayar mata da Baba kafin ya fita. Ta zo da faifai, da kwalbar, da wake tafi ɗaya daga sito.

"Baba, duba na kwalba. Ƙwaya guda, huda guda, ƙwaron ƙato. Su ashirin Gazali yas sa, ga su nan ashirin, ba wanda yaf fita. Yanzu duba na sito."

Alhaji ya sunkuya. Ƙananan ƙwari ne, wasu ba su kai rabin na kwalba ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya juya ta. Huda shida.

"Kwana goma kwalbar ga tay yi gidan nan, Baba. Cikin kwana goma ko ƙwaro guda ba shi girma daga ƙwai har shi fito. Kafin su cunkushe har shida a ƙwaya su rasa abin ci, sai sun haihu sun maimaita, wata da watanni. Waken ga da ƙwarinai yaz zo."

Alhaji ya ɗauki wuƙa ya shiga sito, ya farke buhu ɗaya daga tsakiya. Sabon wake ne a sama da ƙasa, a ciki kuwa tsohon na bara ne, ya koma gari da ƙwanso. Ya farke na biyu, ya farke na uku, duk haka.

Ya sa aka kira Mansur, ya tsayar da shi a gaban buhunan. Alhaji ya ce ya kwashe kayansa, kuma a rumfar da aka ɓata sunan yaron, a nan zai je ya gyara shi.

Sannan ya juyo ga 'yarsa, idonsa ya yi ja. "Na zalunci yaron ga. Kira min shi."

Ta shiga ɗaki ta rubuta, "Malamina, Baba na nemanka. Ka zo da magabatanka. Kwalba kuwa ka bar ta can."

Bayan girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Alhaji Maccido, motoci da babura suka raka amarya Kebbe. Kafin a tashi, Alhaji ya riƙe hannun ango a gaban 'yan kasuwar da suka yi masa dariya.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Ɗiyata na ba ka. Sitona kuma, daga bana, ba buhun da za shi shiga sai mai kiwon ƙwari ya duba."

Jama'a suka ce amin, wannan karon babu wanda ya yi dariya.