Sitiyarin da Ba Hannu a Kansa

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, sa'ad da jifan farko ya sauka a kan kwanon gidan Direba. Matarsa tana kwashe shanya, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo tsakar gida ya tarwatse. Ashe ɗanyar ƙasa ce, irin wadda garma ta juya yanzun nan, gona kuwa tana can nesa.

Direba tarakta yake tuƙawa a gonar da ya gada. A bana ya ɗaura mata na'urar da ke riƙe sitiyari da kanta, tana bin layin da aka zana mata a allo. Ko'ina sak take tafiya, sai wajen wani tsohon suri a tsakiyar gonar, inda sitiyarin kan murɗe ya kewaye. Shi kuwa mutum ne da ya tsani karkatacciyar kunya a gonarsa. Ya zauna gaban allon yana ta taɓe-taɓe, ya ƙara ƙarfin riƙo, ya rage sassauci, ya sake gwadawa. A ranar da aka fara jifan ne ya yi nasara. Ya naɗe hannu a ƙirji yana kallo, garma ta ratsa surin ta wuce. Mahaifinsa bai taɓa nome wurin ba, shi ma bai taɓa tambayar dalili ba.

Jifa bai tsaya ba sai da Auta, 'yarsu, ta miƙe daga tabarma. Idonta a kafe, ta yi tafiya sak har goshinta ya bugi bango. Ta juya, ta nufi ɗaya bangon.

"Auta! Ke Auta!" in ji uwar, tana riƙe ta.

Yarinyar ta ja ta kamar tsumma. Kwana da kwanaki haka, ba ci, ba sha, goshi ya fashe, tafin ƙafa ya saɓule. Duk wanda ya gan ta ya san in ba a yi da gaske ba, gawa za a ɗauka.

Da magariba wani dattijon malami ya zo. Ya tsaya a kan hanyarta yana karatu a hankali. Ta zo daf da shi, ta tsaya, wata murya mai kauri ta fito daga bakinta.

"Malam, kauce."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Uban wannan mutumin in ya iso ƙofata yakan yi sallama ya kewaye. Bana ƙarfe ya zo ba hannu a kansa. Na murɗe shi, na sake murɗewa, ɗan nan yana ta ɗaurewa. Ɗana na ciki lokacin da garma ta shiga."

Direba ya durƙusa.

"Wallahi ban sani ba. Na ɗauka na'urar ce ta lalace."

"Za a bar maka wurin har abada," in ji malamin. "Ka ji tsoron Allah ka fita. Ba a kama wani da laifin wani."

"To a ba ni mai laifin."

"Ga ni," in ji Direba, kafin malamin ya hana shi. "Ɗauki abin da kake so, ka bar mini 'yata."

Sai muryar ta amsa masa.

"Zan ɗauki abin da ka naɗe a ƙirji."

Malamin ya ɗaga murya da karatu. Auta ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Can ta buɗe ido, ta ce da ƙaramar muryarta, "Baba, ruwa."

Farin ciki ya kama Direba har hawaye. Ya ruga wajen randa, ya sunkuya zai ɗauki moɗa. Hannuwansa biyu suna reto a gefensa, ko yatsa ɗaya bai motsa ba.

"Baba, ruwa," ta sake cewa.

Ya juya ya dubi matarsa.

"Zo ki ba ta," ya ce.