Bulo a Ƙarƙashin Ƙafar Moyna

Ranar da Tuhin ya fara shiga wata masana'antar ɗinki ta garin Gazipur da tef ɗin awo a wuyansa, ba fuskar Moyna ya fara gani ba. Bulo ya gani a ƙarƙashin ƙafarta. Kujerun daga waje aka sayo su, na dogayen mutane, ita kuwa ƙafarta ba ta kai ƙasa.

"Apa, wannan bulon fa?" ya tambaye ta, yana kiranta yaya da harshensu.

"Mataimakina ne," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Kai kuma tela ne, ko likkafani ka zo auna mana?"

Matan layin suka kwashe da dariya. Tuhin ɗalibin jami'a ne, yana binciken yadda za a daidaita kayan aiki da jikin mai aiki. Sai dai bawan Allah bai tuna cewa namiji ba ya ɗora awo a jikin matan mutane ba. Moyna ce ta tausaya masa ta karɓi tef ɗin. Kullum lokacin cin abincin rana tana auna abokan aikinta, tana faɗin lamba, shi yana rubutawa. Kafin su kai mace ta ɗari biyu, zuciya ta gama nata aikin.

"'Yar bulona, kin ci abinci? Yaya hannun nan mai ciwo?" ya rubuto mata a waya wata rana.

"Malam Awo, na ci shinkafa da kifi. Yau ma yatsu uku ba na jin su. Don Allah kada kowa ya ji, korata za su yi."

Bai faɗa wa kowa ba. Bai sa sunanta a rahotonsa ba. Amma ya sa hoton wani hannu ɗaure da koren ƙyalle a kan keken ɗinki, don masu masana'antar su gani da idonsu. Ai kuwa sun gani, domin babu wanda bai san ƙyallen Moyna ba. A makon aka sallame ta.

"Na ba ka amana, ka kai ta ofishin manaja. Kada ka sake kirana."

Ya karanta saƙon nan har ya haddace, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Jashim mai kula da layi bai ɓata lokaci ba. Ya kai wa mahaifinta kwalin alewar madara, ya ce in an ba shi ita zai mayar da ita kan kekenta. Tsohon, mai tuƙa keken ɗaukar fasinja, ya amince. Tuhin kuwa duk Juma'ar da ya zo gidansu a ƙofa ake tsayar da shi.

"Kai ne mai bin mata da awo? Ka raba ta da aiki, ka kuma dawo?" in ji tsohon.

"Chacha," ya ce, wato baffa, "laifina ne, na yarda. Ku ba Jashim ita in kun ga dama. Amma don girman Allah kada ta koma kan kujerar nan. Sauran hannun ma tafiya zai yi."

Moyna na bayan labule tana ji, hawaye na zuba. Tsohon ya daɗe yana shafa gwiwoyinsa da suka kumbura.

"Shekara talatin ina kan sirdin da ya fi ni tsawo," ya ce a hankali. "Babu wanda ya taɓa tambayata ina ke ciwo. Shigo ka sha shayi."

Bayan shekara guda sababbin kujeru suka iso, daidai da lambobin da Moyna ta faɗa. Mata ɗari huɗu suka sauke ƙafa a ƙasa. A wurinta kam sun makara, yatsun uku ba su dawo ba, ba ta ƙara riƙe allura ba. Masana'antar ta dawo da ita, koya wa sababbin ma'aikata zama da saita kujera ya zama aikinta.

Ranar aurensu, bayan an sha lalle da gangamau, Tuhin ya kama hannunta.

"Ba nan ba, Malam Awo," ta ce tana murmushi cikin hawaye. "Ba na ji a nan. Kama ƙaramin."

Ya riƙe ƙaramin yatsanta, bai saki ba har aka watse.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa abin da ya rage ya ishe su.